Kukan Birki a Gangaren Rafi

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma a ƙauyenmu ɗan fari ba ya samun fuskar uwarsa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona in da mutane a wurin, gidanmu kuwa kullum da mutane. Da aka yaye ni kakata ce ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, ina hangen ƙofar Inna daga bakin tamu. In Inna tana son gaya mini magana sai ta gaya wa ƙanwata, ko da na fi ƙanwar kusa da ita. "Ki ce ma yayanku tuwo na hucewa." Kunyar ɗan fari ke nan. Matan gari har yabon Inna suke yi, wai ta fi kowa iya riƙe ta.

Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Ina gani ƙanwata ta kwanta a cinyar Inna ana yi mata kitso suna dariya, in na shigo dariyar ta ɗauke. Har na girma, na yi gemu, na yi iyali, abu ɗaya nake nema wurin matar nan: wata alama, komai ƙanƙantarta, da za ta nuna mini tana jiran zuwana. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don da dariya za a yi mini. Ƙato da kai, ka zauna kana neman uwa ta yi maka murmushi.

Da na samu aiki a Gusau na kama gida a Damba, na sayi mashin na hannu wurin wani ɗan kabu-kabu da ya gaji da sana'ar. Babanmu ya riga ya rasu, saboda haka duk Asabar nakan ɗaura ɗan cefane a baya in tafi gaida Inna. In bi kwalta zuwa Bunguɗu, in sauka in kama jar hanya ta wajen Kekun Waje, in yi ta shiga har gonakinmu. Kafin ka shiga garinmu akwai gangare mai tsawo da ke sauka cikin rafi, daga nan ka hau tudu ka iske gidaje. Gidanmu ne na farko a kan tudun.

Mashin ɗin nan lafiyayye ne, ba ya shan mai, ba ya gardamar tashi, sai dai yana da hali ɗaya. In ka taka birkin baya sai ya saki wani kuka mai tsini, kamar ƙofar langa-langa da ta yi tsatsa, ya ja shi ya ja shi, can a ƙarshe ya karye gida biyu. A cikin gari abin kunya ne. Abokan aikina tun ina bakin titi suke cewa ga mai jiniya ya iso. Matata ta ce in dai a kan wannan abin ne ba za ta ƙara bina gidan biki ba, gara ta taka da ƙafa. A gangaren garinmu kuwa, da yake dole ka riƙe birki tun daga sama har bakin ruwa, kukan sai ya cika kwarin duka.

Ina da aboki bakanike a kusa da tasha, tare muka yi firamare, shi ya sa nake zaginsa yana zagina ba mai jin haushi. Na kai masa mashin ɗin nan har na daina lissafi. Wurinsa na koyi cewa kukan birki iri-iri ne. Akwai na ƙura, wanda in an kwance ƙafar baya aka hure kwanon birki da ke tsakiyar taya aka goge shi ke nan. Akwai na fatar birki da ta yi santsi tana ƙyalli saboda zafi, wannan sai a goge ta da samfefa, a ɗan rage bakinta da magagari. Akwai na ruwa, da safe ko bayan ka ratsa rafi, wanda ke tafiya da kansa. Sai na ƙarshe, in fatar ta cinye ƙarfe na cin ƙarfe, shi wannan ba kuka ba ne, gurnani ne, kuma mai shi yana neman asibiti. Duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan mashina. Ya hure, ya goge, ya sa sabuwar fata. Sai mashin ya yi shiru kwana kaɗan, ina murna, kafin Asabar ta zagayo ya dawo da kukansa yadda ya bar shi.

"Kai dai ba ka iya komi ba," na ce masa ran nan. "Asarar bakin mai kawai kake yi a jiki."

Ya goge hannu a wando ya ce, "Malam, wanga mashin halin mai shi yaɗ ɗauko. Kai ma tun muna aji ɗaya ƙorahi kaka yi, wa yag gyara ka?"

Wani mai sayar da rake da ke sauraronmu ya ba ni shawara in ɗiga bakin mai a cikin kwanon, wai nan take zai yi shiru. Abokina ya ɗaga sifana kamar zai jefe shi. Ya ce shiru kam zai yi, ni ma zan yi shiru, don ranar da na taka birki a gaban tirela ba abin da zai kama. Daga nan na haƙura. Tunda birki yana ci, na bar shi da kukansa.

Yadda Asabar ɗina take tafiya ba ta canjawa. In na yi sallama na shiga gida zan tarar an shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ga fura a ƙwarya an dama yanzun nan, da sanyinta, ludayi a kife a kan faifai. Ƙanwata ce ke miƙo mini, don aurenta a maƙwabta yake, a wurin Inna take wuni. Inna kuwa tana can gefe ta ba ni baya, ko tana tsintar wake ko tana ba awakinta dusa. In durƙusa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon akuya. In sha furar nan, in ce wa ƙanwata, "Allah ya yi miki albarka, hannunki da daɗi." Ita kuma ta yi ɗan murmushi ta sunkuyar da kai. In zan tafi Inna ta ce wa ƙanwar, "Ki ce ma mai mashin shi gaida gida." Sunan da ta sa mini ke nan tun da na sayi abin hawa. A hanyar komawa nakan ce a raina, da na zo da ban zo ba duk ɗaya ne a wurinta.

Ana nan sai zamani ya lalace. Ba sai na yi wa mutumin Zamfara bayani ba. Mashin da a da in an ji ƙararsa yara ke fitowa da gudu su tarbe shi, ya zama abin da in an ji shi daga daji kowa ke neman wurin ɓuya, don a kansa masu bindiga ke zuwa. A garinmu aka saba da sabon hali. Da an ji inji daga wajen rafi, mata su saki taɓarya, su suri yara, su faɗa cikin dawa. Maza su ɗauki abin da ke kusa su laɓe. Sau da yawa a ƙarshe a tarar mai sayen kaji ne ko mai maganin shanu, a fito ana dariyar da ba ta kai ciki ba. Na aika wa Inna, ta bakin ƙanwata, ta taho Gusau ta zauna da mu. Ta aiko mini, ta bakin ƙanwata, cewa ba ta barin awakinta. Na ji haushi sosai, na ce ashe har awaki sun fi ni.

Abin da na lura da shi, ban kuma tsaya na yi tunani a kansa ba, shi ne ni ba a taɓa gudu don zuwana ba. Kullum in na hau tudu zan iske mata na daka, tsofaffi na zaune a gindin bishiyar ƙirya suna ɗaga mini hannu. Na ɗauka don an san Asabar ranata ce. Ban tambayi kowa ba.

Cikin wata damina, lokacin da dawa ta fi tsawon mutum, mahaifin wani abokin aikina ya rasu a Tsafe, na hau mashin ranar Alhamis na tafi ta'aziyya. Kwanakin nan an sha ruwa, na kuma ratsa taɓo da kududdufai ba iyaka. Ina wuce dutsen Kwatarkwashi na ji mashin ya yi nauyi, ina murɗa masa mai yana nishi kamar na ɗora masa buhunan masara. Can sai warin ƙuna ya bugi hancina. Na tsaya a gefen titi, na kai hannu kan kwanon ƙafar baya, na janye da sauri ina yarfe yatsu. Na tofa yawu a kai, ya yi cuu ya bushe. Birki ne ya kama ya ƙi saki. Na sassauta goron da ke kan sandar birkin iyakar yadda zan iya, na bubbuga da dutse, na lallaɓa a hankali har na shiga Tsafe.

Bakaniken da aka nuna mini dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ɗaga mashin ya tsayar da shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya juya tayar baya da hannu. Ko zagaye ɗaya ba ta yi ba ta tsaya cak. Ya taka birki ya saki, sandar ba ta koma wurinta ba. Ya gyaɗa kai, ya kwance ƙafar, ya baje komai a kan buhu ya kira ni in gani. Ɗan ƙarfen da ke juyawa ya buɗe fatun birki ya yi tsatsa ya cije, taɓo ya shige shi. Sifirin da ke mayar da fatun ya saki. Fatun sun ƙone sun yi baƙi. Sai ya sa yatsa a cikin kwanon ya zagaya, ya kama yatsana ya sa ni ma na zagaya. Na ji wani kwari a ciki, na kuma ji kwanon ba a daidai yake ba, wani gefen ya ɗan lotsa.

"Wanga mashin ya taɓa hwaɗuwa tun kahin ka saye shi," ya ce. "Shina kuka?"

Na ce kuka kai, duk Gusau an san shi.

"Nan kukan yake. Ko hwata ɗari ka sa, sai ta bi wanga kwari ta koma gidan jiya. Yanzu kuma zahi ya ƙarasa shi. Kwanon ga ba shi gyaruwa, Malam, sai sabo."

Ba ni da zaɓi, kuma gaskiya ko da zaɓi da sabon zan ce. Ya aika kasuwa aka kawo sabon kwano, ya ɗaure wayoyin taya a kansa, ya sa sababbin fatu da sifirin. Ya kankare tsatsar ɗan ƙarfen nan, ya shafa masa giris ɗan kaɗan da bakin tsinke, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa fata. Da ya mayar da ƙafar ya juya ta, ta yi ta juyawa har na gaji da kallo. Tsohon kwanon ya jefa shi kan tarin ƙarafa a bayan rumfa, ko waiwayarsa ban yi ba. Mutumin nan aiki mai kyau ya yi mini, har yau ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri.

A hanyar dawowa na yi ta taka birki ba dalili, don kawai in ji shirun. Na biya ta tasha na yi wa abokina gori, na ce abin da ya gagare shi shekara da shekaru wani tsoho ya gama kafin la'asar. Matata ta ce yanzu na zama mutum, ta yarda in kai ta unguwa.

Ranar Asabar na ɗaura cefane na kama hanya. Gari ya yi luf, ko'ina kore. Da na iso kan gangare na taka birki, mashin ya sauka sumul, ba ka jin komai sai ƙarar inji. Har ina cewa a raina yau mutanen garinmu za su ga canji. Na ratsa rafi na hau tudu.

Ba kowa a gindin ƙirya. Takalman tsofaffin suna nan, su ba sa nan. A ƙofar maƙwabtanmu ga turmi da gero a ciki, kaji sun hau suna ci, taɓarya a ƙasa. Na kashe mashin na shiga gida da sallama, ba wanda ya amsa. Ba tabarma a inuwar rumbu. Ga ƙwarya a ajiye da curin fura a ciki ba a dama ba, ga nono a rufe. Na tsaya a tsakar gida, na ɗauka abin da ake tsoro ne ya riga ni zuwa.

Sai na ji muryar ƙanwata daga bayan gida tana salati tana kiran a taimaka. Na bi ta ƙofar baya da gudu. Wasu maza suka ɓullo daga cikin dawa da sanduna, suka ja suka tsaya suna kallona. Ɗayansu, ƙanen babanmu, ya ce, "Kai na? Subhanallahi, kai na?" Na wuce su na nufi inda muryar take.

A bakin gonar akwai tsohon rami da aka haƙi ƙasar gini, damina ta sa gefensa santsi. A ciki na tarar da Inna, a kwance ta gefe ɗaya, ƙafarta ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Ƙanwata na riƙe da kanta. Na dira cikin ramin na sa hannu na ɗauke ta. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa jikinta ba sai ranar, kuma ban san ta yi rashin nauyi haka ba. Zufa ta jiƙa mata fuska, tana cije leɓe, amma duk da haka sai da ta ja mayafi ta kawar da kai daga gare ni. Muna fitowa daga ramin ta yi magana, murya can ƙasa, ba da ni ba.

"Ki tambayi yayanku, mi yas samu kukan mashin nai?"

Ban gane ba a lokacin. Hankalina yana kan neman motar da za ta kai mu Gusau. Sai da muka isa asibiti, aka shiga da ita, muka zauna a kan benci ni da ƙanwata, sannan ta gaya mini. Tana magana tana share hanci da bakin zane.

Ta ce duk Asabar tun da hantsi Inna ke ɗaukar faifan wakenta ta koma jikin katangar baya, wadda ke kallon rafi, ta zauna. Waken nan ba tsintarsa take yi ba, wani lokaci wake ɗaya za ta yi ta juyawa. Da ta ji kukan birki daga kan gangare sai ta miƙe, ta dama fura da hannunta, ta shimfiɗa tabarma, ta miƙa wa ƙanwata ƙwaryar, ta koma gefe ta juya baya kafin in hau tudu. Ta ce ita ba ta taɓa dama mini fura ba ko sau ɗaya. Inna ta hana ta faɗa, ta ce in ta faɗa ba ita ba ita.

"To da abin ga yal lalace," in ji ƙanwata, "dut matan unguwa kunnen Inna sunka dogara da shi ran Asabar. Da an ji mashin sai a leƙo ta katanga. In ta ce ku zamna, namu na, kowa shi ci gaba da aikinai. Yau mun ji mashin ya kamo gangare. Munka dube ta. Ta ɗaga hannu ta ce mu dakata. Muna ji shina sauka, shina sauka, babu kuka. Sai tac ce, ba shi na ba, ku tashi."

Na ce to me ya sa ita ta faɗi, bayan ita ta fara sani?

"Ba ta taso ba, Yaya. Mun kai cikin dawa nij juyo ban gane ta ba. Tana nan jikin katanga tana saurare, wai ko za shi yi kukan daga baya. Sai da mashin yaƙ ƙetare rahi tat taso da gudu."

Na tashi na fita waje na tsaya a jikin wata bishiya. Abin da na yi shekaru ina nema ga shi an ba ni, a barandar asibiti, uwata na ciki da karyayyen ƙugu. Na yi kuka a wurin, mutane na wucewa suna ba ni haƙuri, sun ɗauka rasuwa aka yi mini.

Ƙashin bai haɗu ba. Likitoci sun yi nasu, daga baya dangi suka matsa aka kawo mai ɗori shi ma ya yi nasa, amma shekaru sun ja. Inna ba ta ƙara takawa ba. Daga asibiti gidana aka wuce da ita, muka gyara mata ɗakin da ke kusa da zaure. Awakin aka raba wa dangi su riƙa. Zaman Gusau da na yi ta roƙo ya tabbata, ta hanyar da ko maƙiyina ba na yi wa fatanta. A Damba kuwa mashin ba ya yankewa a titi tun daga safe. Makonnin farko duk wanda ya wuce sai ta zabura ta dafa katifa za ta tashi, sannan ta tuna.

Na koma wurin abokina na tasha na ce ya mayar mini da kukan birki. Ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki, ya kira maƙwabtansa su zo su ji. Wai shekaru ina zaginsa ya kasa cire kuka, yau kuma na zo saye. Na bar shi ya gama, sannan na gaya masa dalili. Ya kori mutanen, ya jawo akwatin kayan aikinsa. Ya tono tsofaffin fatun birki masu santsi daga cikin tarkace ya sa mini, ya bar ƙura a cikin kwanon da gangan, abin da ya ce bai taɓa yi wa kowa ba. Kuka ya samu, amma wani siriri ne gajere, ba ya ja, ba ya karyewa a ƙarshe. Mu duka mun san ba shi ba ne.

Na hau har Tsafe neman tsohon kwanon. Dattijon ya gane ni, ya tambayi lafiyar birki. Da na gaya masa abin da ya kawo ni ya zagaya da ni bayan rumfa, wurin a share. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun kwashe tun tuni. Ya ce Allah ya ba Inna lafiya, ya ce da ya sani da ya ɗaura mini shi a bayan mashin. Na ce ni ma da na sani.

Haka na dawo gida da kukan aro. Ina isa ƙofar gida da la'asar na taka birki da ƙarfi, ya yi ɗan tsiwarsa. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar Inna na gaishe ta. Matata na ciki tana gyara mata matashi. Inna ta amsa gaisuwar tana kallon bango, sannan ta ce wa matata:

"Ki ce ma maigidanki shi bar wasa da birki. Wanga ba shi na ba. Shi mai da mai kyau kar shi je shi hwaɗi. Ni yanzu ba inda za ni gudu."

Washegari na koma tasha aka mayar da fatun kirki.

Hannuwanta dai lafiya suke. Bayan 'yan watanni ta sa matata ta riƙa sayo mata fura da nono, a jingina ta da matashi, ta dama da kanta. Sai dai yanzu ba ta da abin da zai gaya mata na kusa. Wata rana in dawo da wuri, wata rana aiki ya riƙe ni. Saboda haka tun azahar take damawa ta rufe da faifai, kada in iso ba ta gama ba. In na dawo sai in tarar furar ta kumbura, ta yi ɗumi, ta fara tsami. Matata ke miƙo mini, Inna na kwance ta ba mu baya. Nakan shanye tas.

Ran nan na ajiye ludayi, na daure, na ce wa matata da ƙarfi yadda za a ji, "Ki ce wa Inna furar ta yi daɗi." Na ga kafaɗar Inna ta motsa kaɗan.

"Ki ce mai, ƙarya shika yi," ta ce. "Ta yi tsami. Mai daɗin ya sha ta can gida."

Damina biyu ta yi a wurinmu, Allah ya karɓi abarsa. Har ta rasu ba ta kira sunana ba, kuma yanzu wannan ba ya damuna. Abin da ke damuna Asabar ɗin nan ne masu yawa, da na zauna a inuwar rumbu na sha fura mai sanyi, na ɗaga murya na sa wa ƙanwata albarka a kan daɗin hannunta, Inna na zaune a gefe ta ba ni baya tana ji.

Mashin ɗin yana nan, shi nake hawa. In hanya ta yi sauƙi nakan je gaida ƙanwata, amma sai na kira ta a waya tun daga Bunguɗu, ta bi gida-gida ta ce kada kowa ya gudu. In na kai kan gangaren nakan taka birki tun daga sama har bakin ruwa. Birkin yana ci sosai, ba ya ko motsin kuka.